Waiwaye: Yadda Aka Rarrabe Shanshanin Ƙarƙashin Dutse

Shanshanin da aka saba gani a Katsina da Daura, wanda ke shigowa ɗaki da damina, yawanci ƙafafunsa 21 ne a kowane gefe. Yana da ɗan'uwa ƙarami mai ƙafa 15 a kowane gefe, wanda bai cika wuce santimita 3 ba, mazauninsa ƙarƙashin dutse da ruɓaɓɓen ganye. Danginsa ne masana ke kira Lithobiidae.

Da farko kuɗin goro aka yi musu. A 1758 masanin halittu Carl Linnaeus na Sweden ya haɗa shi da manyan a rukunin Scolopendra. William Leach na Ingila ya ware shi a 1814 da sunan Lithobius, George Newport kuma ya kafa dangin a 1844.

Ruɗanin ya taso ne a farkon ƙarni na 20, lokacin da Karl Verhoeff a Jamus da Ralph Chamberlin a Amurka suka yi ta raɗa sababbin sunaye. Ga inda gizo ke saƙar: ɗan wannan shanshani yana ƙyanƙyashewa da ƙafa 7 a kowane gefe, sauran sai ya yi ta saɓa suke fitowa. Ko bayan sun cika 15, ƙananan idanunsa da gaɓoɓin ƙahonsa da ramukan gindin ƙafafunsa na baya ba su daina ƙaruwa ba. Wanda ya dogara da ƙidayar waɗannan kaɗai zai iya ɗaukar yaro da babba a matsayin jinsi biyu. Daga baya E. H. Eason na Ingila ya sake duba tsofaffin samfurori, ya haɗe sunaye da yawa. Yau ana lissafa jinsi kusan 1,000, fiye da 500 a cikin Lithobius kaɗai, kuma binciken ƙwayoyin halitta na nuna cewa shi ma rukunin bai gama daidaituwa ba.

Ɗalibin da ya ɗaga dutse a nan ya ga mai ƙafa 15, kada ya yi gaggawar rubuta Lithobius. Dangin Lithobiidae sun fi yawa a Turai da Asiya da Arewacin Amurka, a Afirka kuwa akwai 'yan'uwansu Henicopidae. A duba da madubin ƙara girma: Lithobiidae na da ƙayoyi a gaɓoɓin ƙafa da tarin idanu, Henicopidae ba su da ƙayoyin, idonsu ɗaya ne a kowane gefe ko babu. A adana kowanne a kwalbarsa cikin sinadarin etanol mai ƙarfin kashi 70, domin ƙafafun ƙarshe na saurin ɓallewa, kuma sau da yawa a jikinsu alamomin tantance namiji suke.