Waiwaye: Wa ke tuhumar mai mulki?

Idan mai riƙe da ragamar mulki ya yi zalunci, wa zai taka masa birki? A shekarar 632, da aka yi wa Sayyidina Abubakar mubaya'a a Madina, ya ce wa jama'a in ya yi daidai su taimake shi, in ya kauce su miƙar da shi. Magana ce mai nauyi, sai dai ta jingina ga tsoron Allah na mai faɗinta, kuma ba kowane shugaba aka ba wannan ba.

Da alkawarin baki ya gaza, sai aka koma ga rubutu. A 1215 manyan hakiman Ingila suka ritsa Sarki John a filin Runnymede, suka tilasta masa buga hatimi a kan Magna Carta. Takardar ta ce ba za a kama ɗa, wato wanda ba bawa ba, ko a ɗaure shi ba sai bisa shari'a, ta kuma ba mutum 25 ikon ƙwace kadarorin sarki in ya saɓa. Ba a yi wata uku ba Paparoma ya soke ta, yaƙi ya ɓarke. Amma sharaɗin ya riga ya shiga kunnen mutane. A 1649 aka gurfanar da Sarki Charles na Ɗaya, yana ta jayayya cewa babu kotun da ta isa ta tuhumi sarki, har aka fille masa kai.

Amurka a 1776, Faransa a 1789, Majalisar Ɗinkin Duniya a 1948, kowacce ta rubuta nata haƙƙoƙin. Rubutun bai taɓa yin wuya ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne shari'ar Hissène Habré, wanda ya mulki Chadi daga 1982 zuwa 1990, sannan ya gudu Senegal. Waɗanda suka tsira daga kurkukunsa suka ƙi haƙura. Ɗaya daga cikinsu, Souleymane Guengueng, ya riƙa tattara bayanan ɗaruruwan waɗanda aka azabtar, yana ɓoyewa a gida. A 2001 aka gano takardun 'yan sandan ciki na gwamnatin, zube a ƙasa a tsohon ofishinsu, ɗauke da sunayen fursunonin da suka mutu a hannu. Sai ranar 30 ga Mayun 2016 kotu ta musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai, shekara 25 da 'yan watanni bayan faɗuwarsa. Da yawa daga cikin masu neman haƙƙin ba su ga wannan rana ba.