E407 a robar askirim: jar ciyawar teku ce

Ƙanwata da ke sayar da kayan sanyi a Ƙofar Kaura, nan Katsina, ta nuna mini lambar E407 a jikin robar askirim. Ta ce, "Yaya, kada fa in riƙa sayar wa mutane haram." Ga yadda muka yi da ita.

Mece ce E407?

Sinadarin karajinan ne, mai sa abu ya yi kauri ya kama jikinsa. Ana sa shi a askirim da madarar cakulan, har da man goge baki. Daga wata jar ciyawa ake samunsa, wadda ke tsirowa a tekun ƙasashe masu zafi. Ciyawa dai muke cewa, amma ba ta da saiwa balle fure, dangin gansakuka ce. Nau'o'in da aka fi nomawa su ne Eucheuma da Kappaphycus. Jan ma suna ne kawai, wata kore ce, wata ruwan ƙasa.

Ana cin ta haka nan?

Ƙwarai. A Filifin ana ce mata guso. Sai a ɗan tsoma ta a ruwan zafi, a kwaɗa da albasa da tumatir da citta da ruwan kal. Tana ƙaras-ƙaras a baki kamar guringuntsi.

Wa ke noman ta?

Indunusiya ce kan gaba, sai Filifin. A Afirka kuwa tsibirin Zanzibar na Tanzaniya, inda aka fara a 1989, kuma yawanci mata ke yi. Mwani suke kiran ta. Idan ruwa ya janye sai su kafa turaku, su ja igiya, su ɗaɗɗaure 'yan rassa. Bayan kamar mako shida a tsinke, a shanya, a sayar wa 'yan kamfani. Ba taki, ba ban-ruwa, abin da zai ba manomin gero haushi. Babban maƙiyinta ɗumamar ruwa: rassan su yi fari fat, su kakkarye.

To, halal ce?

Tsiro ce, ba dabba ba. Wanda ake wa shakku shi ne jelatin, wani sinadarin sa kauri, don da fata da ƙashi ake yin sa, wani lokaci na alade. Sai dai ki duba sauran kayan haɗin, don ba ita kaɗai ce a robar ba.

Za ta yi a dam ɗin Jibiya?

A'a. Sai ruwan gishiri, a ruwan daɗi mutuwa take yi.