Ma'anar Fatent: Haƙƙin Mallakar Ƙirƙira a Dokar Najeriya

A wani garejin walda da ke kusa da Kasuwar Muda Lawal a Bauchi, an nuna mini injin ɓarar gyaɗa wanda mai garejin ya sauya wa raga da farfela, ta yadda ƙwaya take zubowa ta wani maƙogwaro ba tare da ta farfashe ba, ɓawo kuma iska ta fitar da shi gefe. Mutumin ya goge baƙin mai da ke hannunsa, ya ce, "Barista, so nake a yi mini fatent kafin maƙwabta su kwaikwaya." Da na tambaye shi ko ya taɓa sayar da injin, sai ya ce tun bara yake sayarwa, har ɗansa ya sa bidiyonsa a Facebook. Wannan amsa ta sosa mini rai, domin ta nuna kalmar ta shiga bakin jama'a alhali ma'anarta ba ta biyo ta ba.

Fatent izini ne da hukuma take bai wa wanda ya ƙirƙiro sabon abu ko sabuwar dabarar sarrafa abu, na ya hana kowa ƙera shi, ko sayar da shi, ko shigo da shi daga waje, ko amfani da shi a kasuwanci, sai da yardarsa, har zuwa wani ƙayyadadden lokaci. Asalin kalmar daga Latin ne, tana nufin buɗaɗɗiyar wasiƙa, irin wadda sarakunan Turai suke bugawa hatimi domin kowa ya karanta. Birnin Venis ya kafa dokarsa a kan haka a 1474, Ingila kuma a 1624. Ba ɗaya yake da haƙƙin marubuci ko mawaƙi ba, wanda yake samuwa da zarar an kammala aiki, kuma ba shi ne rajistar tambarin kaya ko ta sunan kamfani ba.

Abin da masana shari'a suka fi nanatawa shi ne cewa fatent ciniki ne na ba ni gishiri in ba ka manda. Mai ƙirƙira zai bayyana sirrin aikinsa a rubuce dalla-dalla, yadda duk wani gwani a fannin zai iya karantawa ya ƙera irinsa, ita kuma al'umma ta bar masa kasuwa shi kaɗai na tsawon shekara 20 daga ranar da ya shigar da takardar nema. Idan wa'adin ya cika, ilimin ya zama na kowa. Wanda ya saba da al'adarmu ta riƙe sirrin sana'a a cikin gida, inda maƙeri ko mai magani kan rasu da abin da ya sani idan bai samu magaji ba, zai gane darajar wannan tsari tun kafin a yi masa dogon bayani.

Dokar da ake aiki da ita a Najeriya ita ce ta fatent da zane-zanen masana'antu ta 1970. Ta shar'anta cewa abin ya zama sabo, ya fito daga ƙoƙarin ƙirƙira wanda ba kowane ma'abocin sana'ar ne zai hango shi cikin sauƙi ba, kuma ya yiwu a yi amfani da shi a masana'anta ko aikin gona. Gyaran da aka yi wa abin da yake da fatent shi ma yana iya shiga, amma irin shuka da na dabbobi ba sa shiga. Sharaɗin sabunta shi ne ya kayar da mai garejin nan, domin a idon doka duk abin da ya riga ya isa ga jama'a a ko'ina cikin duniya, ta rubutu ko ta baki ko ta amfani da shi, ya daina zama sabo, ko da mai shi ne ya bayyana shi da kansa. Sassaucin da aka yi ɗan kaɗan ne, ya shafi abin da aka nuna a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi cikin wata shida kafin nema. Haka kuma haƙƙin na wanda ya riga shigar da takarda ne. Malaman Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ɗalibansu ya kamata su lura da wannan kafin su gabatar da sakamakon bincike a taro ko mujalla, su kuma san cewa abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikinsa, asalin haƙƙin na wanda ya ɗauke shi aiki ne.

Akwai wani gurbi a dokar da ya daɗe yana damun masu nazarinta, ni ma yana damu na. Magatakardan ofishin rajista da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki a Abuja yana duba cikar takardu da biyan kuɗi ne kawai, ba ya binciken ko abin sabo ne da gaske, kuma dokar ta faɗa ƙarara cewa ana bayar da fatent ba tare da lamunin ingancinsa ba. Saboda haka mutum zai iya rataye shaidarsa a bango shekara da shekaru, ranar da ya kai ƙarar mai kwaikwayo Babbar Kotun Tarayya a soke ta. Masu kare tsarin suna cewa bincike mai zurfi yana buƙatar ƙwararru da kuɗi masu yawa. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai nauyin yana komawa kan ƙaramin mai sana'a, wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya yi ta zirga-zirga a kotu.

Muhawarar ta fi zafi a kan magunguna. Yarjejeniyar TRIPS ta ƙungiyar ciniki ta duniya a kan haƙƙin mallakar ƙirƙira, wadda ta fara aiki a 1995, ta wajabta wa ƙasashen ƙungiyar kare magunguna da fatent, a wancan zamani kuwa kuɗin maganin cutar ƙanjamau na mutum ɗaya a shekara guda ya haura dala 10,000, har kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin irinsa a kan dala 350 a 2001. A shekarar ce kamfanonin magunguna 39 suka janye ƙarar da suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu a kan haƙƙinsu na fatent, sanarwar da ƙungiyar cinikin ta fitar a birnin Doha kuma ta tabbatar wa ƙasashe ikon bayar da lasisin dole, wato a bar wani ya sarrafa maganin ba da yardar mai fatent ba, a biya shi lada. Dokarmu ta 1970 tana da irin wannan tanadi.

Kafin in bar garejin, mutumin ya yaye tamfol daga kan wani injin casar shinkafa da bai gama haɗawa ba, wanda ko yaransa ba su san yadda cikinsa yake ba. Na roƙe shi ya mayar da tamfol ɗin, ya sa a zana masa injin a takarda, sannan ya tuntuɓi hukumar NOTAP, wadda take taimaka wa 'yan ƙasa wajen shigar da takardun nema, tun kafin ya gwada shi a gaban kowa.