Mazaunin Bin Taurari na Tafi-da-gidanka

Mazaunin bin taurari wata ƙaramar na'ura ce da ake ɗora kyamara ko madubin hangen nesa a kanta, tana juyawa a hankali don ta bi tafiyar taurari a sama yayin ɗaukar hoto. Masu ɗaukar hoton sama don sha'awa ne suka fi amfani da ita, domin takan shiga jakar goyo, a tafi da ita bayan gari inda hasken lantarki bai dusashe taurari ba.

Dalilin ƙera ta shi ne juyawar duniya. Duniya na kammala zagaye ɗaya, idan an auna da taurari, a cikin awa 23 da minti 56 da daƙiƙa 4. Saboda haka taurari na gusawa kimanin digiri 15 a kowace awa. Ido ba ya lura da wannan, amma kyamarar da aka bar idonta a buɗe na minti ɗaya kan mayar da kowane tauraro ɗan layi. Masu sana'ar na da wani lissafi na kusa-kusa: a raba 500 da tsawon gilashin kyamara a milimita, abin da ya fito shi ne daƙiƙun da za a iya barin idon kyamara a buɗe. Gilashi mai milimita 50 bai wuce daƙiƙa 10 ba kafin taurari su fara jan wutsiya.

Tushen dabarar tsoho ne. A 1824 Joseph von Fraunhofer na Jamus ya ƙera wa madubin hangen nesa na Dorpat, garin da yanzu ake kira Tartu a Estoniya, mazauni mai sanda ɗaya da ke daidai da sandar juyawar duniya, agogo na tura shi. A 1975 George Haig ya bayyana wani mai arha da ake haɗawa da katako biyu da maƙalar ƙofa, ana murza noti da hannu. Na zamani irin su Star Adventurer na kamfanin Sky-Watcher da SkyGuider Pro na iOptron na ɗaukar nauyin kilo 5, suna aiki da batir.

Kafin komai sai an saita sandar mazaunin ta fuskanci tsakiyar juyawar sama. A arewacin duniya ana dogara da Tauraron Arewa, wanda bai kai digiri ɗaya nesa da wannan tsakiya ba. Tsayinsa a sama daidai yake da nisan wuri daga layin tsakiyar duniya. A Kano yana kimanin digiri 12 sama da ƙasa, inda bishiya ko hazon hunturu kan ɓoye shi. A irin wannan wuri ana saitawa ta hanyar lura da yadda wani tauraro ke zamewa daga tsakiyar hoto, a gyara, a sake lura. Aiki ne na haƙuri, amma ya fi dogara da ido kawai inganci.

Gwajin da ya fi bayyana ingancin mazauni shi ne na kuskuren da ke maimaituwa. Yawancinsu na tafiya ne da sanda mai zare da ke tura faifai mai haƙora. Babu zaren da ke fitowa daga masana'anta ba tare da ɗan karkata ba, don haka gudun kan ƙaru ya ragu a kowane zagaye. Faifai mai haƙora 144 na maimaita wannan kuskure kusan kowane minti 10. Ana auna shi da ƙaramar kyamara ta biyu da manhajar PHD2, wadda kyauta ce, tana kafe ido kan tauraro guda tana rubuta kaucewarsa. Ita ce kuma ke aika wa mazaunin umarnin gyara idan ana son tsawaita ɗaukar hoto.

Sauran gwaje-gwajen ba su buƙatar kwamfuta. Ana ɗan ƙwanƙwasa madubin a ƙirga daƙiƙa nawa hoto zai yi kafin ya daina rawa. Sau da yawa laifin na ƙafafu ukun da ake ɗora mazaunin a kansu ne, mazaunin ba shi da laifi. Ana duba ko akwai sako-sako tsakanin haƙora idan an sauya alkibla, da yadda batir ke jure sanyin dare. Nauyin da kamfani ya rubuta a kwali cewa mazaunin zai iya ɗauka ba abin dogaro ba ne sosai. Masu ɗaukar hoto kan tsaya ƙasa da shi sosai.

A 2022 kamfanin ZWO na Sin ya fitar da mazaunin AM5, mai amfani da giyar da ke lanƙwasuwa wadda C. Walton Musser ya ƙirƙira a Amurka a shekarun 1950. Nauyinsa kimanin kilo 5 ne, yana ɗaukar kilo 13 ba tare da ƙarfen daidaita nauyi ba. Sai dai shi ma yana da kuskure mai maimaituwa, don haka kusan dole ne a haɗa shi da kyamarar gyara.