Ƙumar kyanwa da maganinta a jikin tsohuwar mage

Ƙumar kyanwa, wadda masana ke kira Ctenocephalides felis, ɗaya ce daga ƙananan ƙwari masu shan jini. Ba ta da fiffike, tsalle take yi, kuma tsawonta bai cika wuce milimita 3 ba. Wani masani Bajamushe, Peter Friedrich Bouché, shi ya fara bayyana ta a rubuce a 1835. Ban da mage, tana hawa kare, tana cizon mutum a ƙafa, a ƙasashen Afirka kuma ana samun ta a jikin 'yan awaki da 'yan raguna. A ƙauyukan Kano da Jigawa, inda mage ke kwana a gindin rumbu ko kan buhunan hatsi, ta yini tsakanin turken awaki da akurkin kaji, da wuya a ga wadda ƙuma ba ta taɓa hawa ba.

Rayuwar ƙuma

Macen ƙuma takan fara ƙwai kwana ɗaya ko biyu bayan ta sha jini, tana iya zuba 40 zuwa 50 a rana. Ƙwan ba ya manne wa gashi, zubewa yake yi duk inda magen ta kwanta. Can yake ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsar ta shige ƙura da tsagar daɓe, ta saƙa wa kanta kwanso ta lafe. Da ɗumi da laima, makonni biyu zuwa uku sun isa ta zama ƙuma. In babu, tana iya yin watanni a kwanson. An saba ƙiyasta cewa waɗanda ake gani a jikin dabba kusan 5 ne cikin 100, sauran suna ƙasa. Bushewar iska na kashe tsutsar, shi ya sa abin ya fi tsanani da damina da farkon kaka, ya yi sauƙi da hunturu.

Akwai kuma ƙumar kaji, Echidnophaga gallinacea, mai kafa baki a gefen kunnen mage ta ƙi motsi.

Illa ga tsohuwar mage

Likitocin dabbobi na lissafa mage cikin tsofaffi daga wajen shekara 10 ko 11. A wannan lokaci haƙoranta sun fara lalacewa, gaɓoɓinta sun yi tsami, ba ta iya lanƙwasa ta lashe bayanta kamar da, sai ƙuma ta taru a wuya da gindin wutsiya. Jinin da suke sha na iya kai ta ga ƙarancin jini, alamarsa kuwa dasashi ya koma fari-fari maimakon ja. Wasu magunan jikinsu ba ya jure yawun ƙuma, sai gashi ya zube, ƙananan ɓawon ƙuraje su fito. In ta haɗiye ƙuma wajen lasa, takan kamu da tsilar Dipylidium caninum, wadda gutsattsarinta ke fitowa a bayanta kamar ƙwayar shinkafa.

Gane ƙuma ba wuya. A tsefe gashin da mataji mai ƙananan haƙora a kan farin ƙyalle mai laima. Baƙin garin da ya zubo, in ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne, wato busasshen jini.

Tarihin magani

An daɗe ana korar ƙwari da garin furen pyrethrum. A 1939 Paul Müller na ƙasar Suwizalan ya gano ƙarfin DDT a kan ƙwari, har ya sami kyautar Nobel a 1948. Bayansa aka yi yayin lindane, wanda manomanmu suka sani da Gamalin, da dangin dichlorvos da diazinon. Wajen shekarun 1960 aka fara sayar da abin wuya mai ɗauke da magani a Amurka. Duk waɗannan suna kashe ƙuma, amma tazarar da ke tsakanin abin da zai kashe ƙwaro da abin da zai kashe mage kaɗan ce ƙwarai.

Sauyi ya zo a tsakiyar shekarun 1990, da fitowar magungunan ɗigawa a ƙeya. Kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa ya samar da fipronil, wanda ake sayarwa da sunan Frontline, Bayer na Jamus kuma ya fito da imidacloprid da sunan Advantage. Selamectin ya biyo baya wajen 1999, yana kuma kashe ƙwarin cikin kunne da wasu tsutsotsin ciki. Ɗaya daga cikin na baya-bayan nan, fluralaner, yana aiki har makonni 12.

Ana taƙaddama kan ko ƙuma ta fara jure wa fipronil. Wasu masana na ɗora laifin a kan rashin ɗigawa daidai.

Abin da ke kashe mage

Abin takaici, maganin da ya fi kusa da hannun mai gida shi ya fi haɗari. Hantar mage ba ta iya sarrafa wasu sinadarai yadda ta kare ko saniya ke yi, ta tsohuwar mage kuma ta ƙara rauni, ga ciwon ƙoda da ya zama ruwan dare a cikinsu. Permethrin, wanda ke cikin maganin ƙumar kare da yawa, guba ne gare ta, ko da gogar jikin karen da aka ɗiga wa kawai ta yi. Haka amitraz da cypermethrin na wankan kaskar shanu, waɗanda ake samu a rumfunan maganin dabbobi na kasuwanni irin su Wudil da Maigatari. Fiya-fiya, kananzir da baƙin mai duk za ta lashe su daga gashinta. Tafarnuwa da albasa na fasa mata ƙwayoyin jini, farasitamol kuwa ƙwaya guda na iya halaka ta.

Alamun guba su ne dalalar da miyau, karkarwa, tangaɗi da farfaɗiya. Sai a wanke ta nan take da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun wanke-wanke, a tsane ta, a garzaya wurin likitan dabbobi da kwalbar abin da aka shafa mata.

Toka da ganyen darbejiya suna da masu yabon su, amma ba sa raba mage da ƙuma.

Yadda ake yi

Ana fara auna nauyin magen, domin da shi ake zaɓar adadin magani; ma'aunin rataye na masu hatsi ya isa, a sa ta cikin kwando. Magen da ta rame, ko ta daina ci, ko take yawan shan ruwa, likita ya kamata ya fara duba ta. A sayi wanda aka rubuta na kyanwa ne, mai lambar NAFDAC, wanda wa'adinsa bai ƙare ba. A buɗa gashin ƙeya har fata ta bayyana, a matse maganin a kai, a inda harshenta ba ya kaiwa, kada kuma ruwa ya taɓa ta kwana biyu. Yawancinsu wata-wata ake maimaitawa, aƙalla watanni uku a jere, a haɗa da sauran maguna da karen gidan, kowa da nasa. Fipronil na kashe zomo, masu kiwonsu su kula.

Inda maganin bai samu ba, tsefewa kullum tana rage su, ana tsoma matajin cikin ruwan sabulu. Tsumman da take kwana a kai a wanke shi da ruwan zafi a shanya a rana duk mako, a share gindin rumbu da lungun ɗaki, a ƙone sharar nesa da danga.