Allurar shanu da buzuzun gona: tambayoyi da amsoshi kan maganin dabbobi da ke fita cikin taki

Daga Argungu har Yauri, idan aka gama girbi manomi yakan nemi makiyayi ya zaunar masa da garke a gona, ya biya da dami ko da kuɗi. Masu albasa a Aliero kuma suna sayen kashin kaji buhu-buhu. Kowa ya san amfanin taki. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne maganin da dabbar ta sha, wanda ke biyo takin har cikin gona.

Maganin da aka yi wa saniya, me zai kai shi cikin ƙasa?

Jikin dabba ba ya cinye magani duka. Abin da ya rage yana fita ta fitsari ko ta kashi, wani a lalace, wani kuma da ƙarfinsa. Ibamektin, wanda aka fi sani da sunan Ivomec, yana cikin masu fita da ƙarfinsu. Ana yin allurarsa a ƙarƙashin fata, mil 1 ga kowane kilo 50. Daga jini sai ya bi ta hanta da matsarmama ya sauka hanji, kuma kusan dukkansa ta kashi yake fita ba tare da ya sauya ba. A makon farko bayan allura ya fi yawa, sauransa kuma yakan ci gaba da fita har kusan wata guda. Saniya tana kashi sau goma ko fiye a yini, to a lissafa garken shanu 40 da aka yi wa allura rana ɗaya kuma suna kwana a gona ɗaya.

Wani abin mamaki, daga ƙasa maganin ya samo asali. An gano shi ne daga wata ƙwayar halitta da aka tono a ƙasar Japan, ya shiga kasuwar maganin dabbobi a 1981, kuma masu binciken biyu da suka gano shi sun sami kyautar Nobel a 2015. Magani ne mai kyau ƙwarai, ƙarfin nasa ne ya wuce inda aka aike shi.

Su wa ke zaune cikin ƙasar da har ake jin tsoron a cutar da su?

Na farko buzuzu, kuma iri uku ne. Akwai mai dunƙula kashi yana mirginawa da ƙafafun baya, wanda yara suka sani. Akwai mai zama cikin kashin ya yi ƙwai a nan. Wanda ya fi yi wa manomi aiki shi ne mai haƙa rami a ƙarƙashin kashi, ya ja shi ƙasa, ya dunƙula, ya saka ƙwai a ciki. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe, fara mai lanƙwasa irin gwazarma, takan ci wani ɓangare, sauran ya zama abincin saiwa. Ramukan kuma su ne hanyar ruwan sama. Kashin da aka bari a sarari rana takan kwashe masa sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, wanda aka binne kuwa yana riƙe da nasa. Ban da haka, in buzuzu ya wargaza kashi da wuri, ƙwan tsutsar ciki da na ƙuda da ke cikinsa sukan bushe su mutu.

Da rani buzuzu yana kwance, gara ce ke karɓar aikin: ta lulluɓe busasshen kashi da ƙasa ta cinye shi daga ciki. Ita kuwa tana, wato tsutsar ƙasa, ta fi yawa a fadama, inda laima ba ta yankewa. Sai ƙananan ƙwari da ido da ƙyar yake gani, da ƙwayoyin halitta masu ruɓar da taki.

Ostireliya ta ga abin da rashin buzuzu ke yi. Nata na asali ba su saba da kashin shanu ba, sai kashi ya rufe makiyaya, ƙuda suka yi yawa. Daga shekarun 1960 sai da ta riƙa shigo da buzuzu daga Afirka da kudancin Turai.

Yaya ibamektin ke yi musu?

Yadda yake yi wa tsutsar ciki da ƙwarƙwata, haka yake yi wa sauran ƙwari: yana shanye musu jijiya. Bai san wannan abokin gaba ne, wancan ɗan aiki ne ba. Babban buzuzu sau da yawa ba ya mutuwa, sai dai ya yi sanyin jiki, jin ƙanshinsa ya ragu, ƙwan da yake sakawa ya yi kaɗan. Ɓarnar tana kan 'ya'ya. Uwa ta haƙa rami ta binne ƙwai cikin kashi mai magani, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta ci ta mutu. Saboda haka ba a ganin gawa a fili, sai dai bayan makonni a ga buzuzu ya yi ƙaranci.

A wani gwaji da aka yi a Ingila, aka wallafa a 1987, kashin maruƙan da aka sa wa ibamektin mai narkewa a hankali cikin tumbi ya kai kwana 100 kusan yadda aka ajiye shi, alhali na waɗanda ba a ba su ba ya riga ya watse. Ingila ƙasar sanyi ce, kuma a wurinmu zafi da rana suna saurin karya maganin. Amma rana saman kashi kawai take duka, buzuzu kuma cikin kwana biyu na farko yake zuwa, lokacin da maganin ke nan daram.

Duk magungunan haka suke?

A'a, kuma nan ne zaɓi yake. Masu tsanani ga buzuzu su ne ibamektin da danginsa, sai magungunan kaska da ake zubawa a gadon baya, irin su saifametrin da deltametrin. Waɗannan na biyun har babban buzuzu suna kashewa, mako ɗaya zuwa biyu bayan an zuba. Shanu suna lasar juna, don haka wadda ba a zuba wa ba ita ma takan fitar da magani a kashinta.

Moksidektin ɗan gidan su ibamektin ne, amma ya fi shi sauƙi ga buzuzu nesa ba kusa ba. Albendazol da lebamisol yawancinsu ta fitsari suke fita, kuma illarsu ga ƙwarin kashi kaɗan ce. Kowanne da sharaɗinsa: ba a ba saniya albendazol a kwana 45 na farkon ciki, lebamisol kuma in ya wuce ƙima yana sa dabba dalalar da miyau da karkarwa.

Ga wani kuskure da ya zama ruwan dare a fadamun Suru da Bunza. Dabba tana ramewa saboda ciwon hanta, sai a yi ta dirka mata ibamektin. Ibamektin shi kaɗai ba ya kashe tsutsar hanta. An yi asarar kuɗi, dabba ba ta warke ba, an kuma zuba magani cikin taki a banza.

Tana fa?

Tana ta fi buzuzu jure ibamektin. Abin da ya fi cutar da ita shi ne tagulla da ake sa wa cikin abincin kajin gidan gona tare da zink, wanda shi ma ƙarfe ne. Waɗannan ba sa ruɓewa ko an shekara ana juya taki, taruwa suke yi a ƙasa. Mai lambun da ke zuba kashin kaji zalla kowace shekara a fili ɗaya, gara ya riƙa gauraya shi da na shanu da tattaka.

Allurar LA da ake yi wa kowace dabba mai zazzaɓi, ita ma da matsala?

Oksitetrasaikilin ke nan, mil 1 ga kilo 10. Buzuzu bai cika damuwa da ita ba. Aikinta kan ƙwayoyin cuta ne, kuma kaso mai yawa yana fita da ƙarfinsa, ya manne wa laka ya daɗe. A can yakan rage ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da taki, ya bar waɗanda suka iya jure shi su yaɗu. Masu juriyar nan na iya komawa ga dabba ko mutum ta ruwan sha ko ta ganyen da ake ci ɗanye, kamar latas da kabeji, ranar da aka nemi maganin ya yi aiki kuwa sai ya ƙi.

To a daina yi wa dabbobi magani ke nan?

Ko kusa. Dabbar da ƙazuwa ko tsutsa ta kama dole a yi mata magani. Gyaran yana cikin lokaci da ƙima da zaɓen dabbar da za a yi wa.

Lokacin da ya fi muni shi ne faɗuwar damina, wajen Yuni da Yuli, domin a nan ne buzuzu ke fitowa ya hayayyafa, kuma a nan ne aka fi bin garke kaf da allura. In tsutsar ciki ce kawai ake gudu a wannan lokaci, albendazol ko lebamisol sun wadatar. A ajiye ibamektin don ƙazuwa da ƙwarƙwata, ko don rani, ko don ragon layya da sa na turke, waɗanda ana iya kwashe kashinsu a ware.

Ba kowace dabba ke bukata ba. Maruƙa da ramammu da masu zawo su ne ke ɗauke da yawancin tsutsa. A tumaki da awaki, a ja fatar ido ta ƙasa: in ja ce, jini lafiya lau, in ta yi fari, wannan ce mai bukata. Waɗanda aka bari suna samar wa buzuzu kashi mai tsabta, kuma hakan yana jinkirta ranar da tsutsa za ta daina jin magani.

A auna nauyi da igiyar awon ƙirji, a bar kintace. Saniya mai kilo 250 mil 5 ne rabonta, ƙarin mil 3 "don ya kama da kyau" cikin gona yake ƙarewa. Maganin feshi na kaska da ƙudan tsando kuma, in an taƙaita shi a ƙafafu da ciki da ƙarƙashin wutsiya inda suka fi cizo, ana samun biyan bukata da kaɗan.

Manomin da zai karɓi garke ya tambayi makiyayi yaushe aka yi allura. In bai kai mako biyu ba, a jinkirta shigowa.

Takin da ke da magani a ciki, zubarwa za a yi?

A'a, a dafa shi a tsibi. A kwashe kashin mako biyu na farko a ware. A shimfiɗa tattaka ko kara, a zuba kashi, a sake tattaka, har tsibin ya kai ƙirji, faɗinsa kamar taku biyu. A yayyafa ruwa har in an matsa a hannu ya dunƙule amma bai ɗiga ba. A soka rodi a tsakiya. Bayan kwana uku zuwa biyar in an zaro shi ya yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa, wato digiri 55 zuwa 65, aiki ya kankama. In bai yi zafi ba, ya bushe ne ko tsibin ya yi ƙanƙanta. In yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa, a ƙara tattaka. A juya duk mako biyu, na gefe ya koma tsakiya, har wata biyu zuwa uku. Zafin yana karya yawancin oksitetrasaikilin, ibamektin kuwa a hankali yake raguwa. Busasshen kashin da aka jibge a bola ba ruwa ba ya yin wannan aikin.

Yaya mutum zai gani da idonsa?

Da damina, a sa alama da tsinke a kashi biyar na shanun da aka yi wa allura kwana uku da suka wuce, da biyar na waɗanda ba a yi wa ba. Bayan kwana uku a kifar da su da fartanya, a ƙirga ramukan da ke ƙasa. Bayan mako biyu a fasa, a duba tsutsa mai motsi. Lafiyayyen kashi yakan zama kamar rariya, da tulin sabuwar ƙasa a gefensa. Mai magani sau da yawa yakan yi ɓawo mai tauri, cikinsa shiru.

Ragowar ruwan feshi da kwalabe fa?

Ibamektin da magungunan kaska dafi ne mai ƙarfi ga kifi da ƙananan halittun ruwa da kifi ke ci. Kada a wanke sirinji ko famfon feshi a gulbi, a tafki, ko kusa da rijiyar lambu, kuma kada dabbar da aka fesa ta shiga ruwa a ranar. Ragowar a haƙa mata rami a tudu, nesa da fadama, a zuba a rufe. Kwalba a huda ta kafin a binne, don kada wani ya tsince ta ya zuba mai ko gishiri.