Mene ne "copper peptide" da ake rubutawa a kwalaben man fuska?

Duk mai leƙa shafukan masu sayar da kayan gyaran fata ta ci karo da wata 'yar kwalba mai ruwa shuɗi, kamar an jiƙa shuɗin wanki. Ana ce mata "copper peptide". Shuɗin nan launin jan ƙarfe ne idan ya narke ya haɗu da wasu sinadarai, domin jan ƙarfe shi ne ma'anar kalmar farko.

Kalma ta biyu kuma, feftayid, guntun furotin ne. Furotin doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin da ake kira amino asid. Idan sarƙar gajera ce, sai a ce feftayid. Wanda aka fi sawa a man shafawa ƙwayoyi uku kacal gare shi, suna riƙe da ƙwayar jan ƙarfe guda. Masana na kiransa GHK-Cu, a bayan kwalba kuwa za ki ga an rubuta Copper Tripeptide-1.

Abin da ya fi burge ni shi ne a jikinmu aka fara gano shi. A 1973 wani masani ɗan Amurka, Loren Pickart, ya ware shi daga jinin ɗan Adam, bayan ya lura cewa ƙwayoyin hantar tsofaffi suna farfaɗowa idan aka sa su a ruwan jinin matasa. Akwai shi a miyau da fitsari ma, kuma yana raguwa da shekaru: kusan nanogiram 200 a kowane mililita na jini ga ɗan shekara 20, ya sauko zuwa kusan 80 a shekara 60.

Aikinsa gyara ne. Fata tana tsaye ne a kan zaruruwa biyu, kolajin mai ba ta ƙarfi da elastin mai sa ta komawa mazauninta idan an ja. Sinadarin da ke ɗaure zaruruwan nan da juna ba ya aiki sai da jan ƙarfe, feftayid ɗin kuma ɗan dako ne mai kai shi inda ake buƙata. A 1988 masu bincike a birnin Reims na Faransa sun nuna yana sa ƙwayoyin fata su ƙara saƙa kolajin, an kuma ga raunuka sun fi saurin haɗewa a jikin dabbobi.

Sai dai yawancin shaidar daga ɗakin gwaji da dabbobi take. Gwajin da aka yi a fuskokin mutane ƙanana ne, sun nuna ɗan sauƙi a tamoji da ɗan ƙarin kaurin fata bayan makonni. Wadda ta saya da niyyar ganin canji kafin bikin sati mai zuwa, ta yi asarar kuɗinta.

Kuma ba man bilicin ba ne. Ina jin zafin ganin ana tallata shi ga matan da man ƙara haske ya cinye musu fata har jijiyoyi suka fito, ana cewa zai mayar da komai. Wannan fata likita take buƙata, da daina shafa abin da ya ɓata ta.

Idan za ki gwada, ki fara shafa kaɗan a bayan kunne kwana biyu. Kada ki haɗa shi lokaci guda da bitamin C mai tsami sosai. Ki sa ɗaya da safe, ɗaya da dare. Wanda ake sayarwa a matsayin allura a intanet kuwa, ki nisance shi, hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da shi a matsayin maganin allura ba.